Mai Gadin Barcin Wasu

Ƙarfe goma na dare a Sheffield, ruwa na ta tsiyaya.
Hawa na huɗu, ɗaki na bakwai.
Na auna kan Mista Pickersgill da zaren awo,
na tsaga furfura kamar mai shirin kitso,
na manna wayoyi, ɗaya bayan ɗaya.
Ya ce, "Yarinya, a haka kike so in yi barci?"

Direban bas ne, shekara talatin da ɗaya.
Ran Talata ya gyangyaɗa a gaban jar fitila
har fasinja suka buga masa gilashi.
Ba a yi haɗari ba, amma an karɓe makulli
sai likita ya yanke hukunci.

Na koma bayan allo, ni da kofin shayi.
Layuka na gudu, ƙanana, masu rawar jiki.
Goshi ne bai sallama ba tukuna.
Nan mai unguwar kai yake zaune,
mai cewa tsaya, mai cewa bari,
mai lissafin kuɗin haya,
mai riƙe harshe idan an yi zagi,
shi ke tsare wa mutum mutunci.

Ido na gaba, amma gani na ƙeya:
duk titin da ya bi, can baya ake fassara shi.
Ƙarƙashinta ƙaramar ƙwaƙwalwa, kamar dunƙulen hannu,
ita ta san nauyin ƙafa a kan birki,
ba ta shawara, ba ta ɓata lokaci.

Sha ɗaya da rabi, mai zauren tsakiya ya turo ƙyaure.
Jiniyar motar asibiti ta yi sallama, ba a amsa ba.
Layukan suka faɗaɗa, suka kama tafiyar raƙumi.
A gefen kunne, can ciki, an buɗe rumbu,
ana sheƙe abin da rana ta tara,
ƙaiƙayi ya tashi, tsaba ta zauna:
sunan jika, lambar ƙofa, ɗanɗanon abinci.

Sai minshari ya yanke.
Na ƙirga har talatin da takwas.
Maƙogwaro ya rufe, ƙirji na ja, iska ba hanya.
A gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka,
akwai tsohuwar da ba ta taɓa runtsawa ba
tun yana cikin uwa.
Ita ta zungure shi,
ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.
Sau arba'in a awa guda.
Gobe zai rantse bai farka ba ko sau ɗaya,
ya dai tashi da ciwon kai da takaici.

Wajen huɗu idanu suka fara yawo ƙarƙashin fata.
An ɗaure jiki tamau, kada ya bi mafarki da ƙafa.
Allo ya ce yana gani, bai ce mini me yake gani ba.
Nan karatuna ya tsaya.
Da safe ina ɓare wayoyin ya ce,
"Na ga Doreen tana shanya a bayan gida."
Bara ya binne ta.
Ban rubuta ba, takardar ba ta da gurbin zumunci.

Dare mahutar bawa, in ji mutanenmu.
Ni dai na hau jirgin titi da jajayen idanu,
na isa gida, na sa makulli cikin firji,
na neme shi har na zauna a ƙasa ina dariya.
Mai unguwar goshina ya ajiye rawani.

Inna ta kira daga Malumfashi: "Kin kwana lafiya?"
Na ce lafiya lau.
Na ja baƙin labule na yi wa rana ƙarya,
na kwanta, ba waya a kaina, ba mai gadi,
sai tsohuwar nan ta gindin ƙeya.
Na ce, ga amanar numfashi, riƙe mini,
ni ma ina da bashin barci.